Wane Ne Bahaushe? Tambayoyi da Amsoshi Kan Harshe, Al'ada da Asali

Shekara da shekaru ina koyar da Hausa, kuma tambayoyin nan ba sa ƙarewa. Ɗalibai suna yi, iyaye suna yi, har a majalisar bakin titi bayan sallar isha'i sukan taso, wani lokaci a watse rai a ɓace. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa iyakar fahimtata. Wasu ba su buƙatar dogon turanci, wasu kuma dole a zauna a kansu.

Wane ne Bahaushe: wanda ya gada ta jini, ko duk wanda ya tashi da harshen?

Duk wanda ya ce amsar a jini take, ina roƙonsa ya zaga cikin birnin Kano da ƙafa, ya riƙa tambayar sunayen unguwanni. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi da tarihinta ke komawa ga Yarbawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Kowace unguwa tana faɗin inda kakannin mutanenta suka fito. Amma tsayar da yaro a ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ko shi wane ne, zai ce maka Bakano ne, Bahaushe, kuma bai yi ƙarya ba. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, zuriyarsu ta zama gidajen malanta na gari. Agalawa, waɗanda suka yi suna a fataucin goro, tushensu yana can wajen ƙasar Buzaye. Cikinsu aka sami Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba Bahaushe ba ne.

A farkon shekarun 1970 wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya yi lacca kan abin da Hausawa ke nufi idan suka ce wane mutumin kirki ne. Ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka duba da kyau, babu dangantaka a ciki, babu launin fata. Duk hali ne.

Abin da na lura da shi, abu uku ke haɗuwa: harshen da mutum ya buɗe baki da shi, ɗabi'ar da ya tashi a ciki, da kuma karɓar da jama'a suka yi masa. Jini yana da nasa matsayi, ba na musu, musamman wurin neman aure da gadon sarauta, inda tsofaffi kan tono asali har kaka da kakanni. Sai dai Hausanci ya yi yawa ne saboda zaurensa a buɗe yake, baƙo yana shiga ya zauna, jikansa ya zama ɗan gida.

To labarin Bayajida fa? Ba shi ne asalin Hausawa ba?

Labarin yana cewa baƙo ya zo daga gabas, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Amma lokacin da ya iso ai ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya, da mutane suna magana da junansu. Ke nan labarin asalin gidajen sarauta ne. Shi kuwa harshen, masana sun sa shi cikin dangin harsunan Cadi, ɗan'uwan Bolanci, Badanci, Ngizimanci, Karekare, Tangale da Ngas, kuma dukkansu reshe ne na babban gidan da Larabci da harshen Buzaye suke ciki. Abin da ke burge ni a labarin Daura shi ne, ko tatsuniyar tushenmu da karɓar baƙo ta fara.

Da gaske harshe yana gina halin mutum, ko faɗa ce kawai ta malaman Hausa?

Ɗauki gaisuwa. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya iyali? Yaya sanyi? Lokacinsa ne. Ina labari? Sai alheri. Mutum zai zo gidanka da buƙata mai zafi, amma sai ya bi wannan layin kaf kafin ya ce ga abin da ke tafe da shi. Majinyaci yana kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Yaron da ya yi shekara goma yana jin wannan kullum ya riga ya koyi darasi biyu ba tare da an zaunar da shi ba: ba a fara magana da buƙatar kai, kuma ba a gaggawar kai kuka.

Haka harshen yake tilasta maka sanin wanda ke gabanka. Ba ka iya cewa komai sai ka zaɓi kai ko ke. Malami ana ce masa Allah gafarta Malam, mai mulki ranka ya daɗe, sarki Allah ya ba ka nasara. A wurare da dama, musamman yammacin ƙasar Hausa, yaro ba ya ce wa mahaifinsa kai, sai ku, in an tambaye shi ina babansa ya ce sun fita. Ita kanta kalmar sannu, dubi nauyin da take ɗauka: sannu da aiki, sannu da zuwa, sannu da jiki, sannu da haƙuri. Duk halin da aka tarar da kai a ciki akwai sannun da ta dace da shi, wato an gan ka, an san abin da kake ciki.

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, domin shi ne ɗan fari. Wata shekara ya dawo daga doguwar tafiya, mu yara muka ruga muka rungume shi, ita kuwa tana tsugunne gaban murhu, ba ta ko ɗago kai ba. Ta gyara itace ta ce, "An dawo?" Shi ke nan. Amma tun safe ta dama fura ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado, ta hana kowa taɓawa. Wanda bai san alkunya ba zai ce ba ta damu da shi ba. Mu da muka tashi a ciki mun karanta komai a cikin ƙwaryar nan.

Ban ce harshe kurkuku ba ne. Akwai marasa kunya masu zazzaƙar Hausa, akwai masu ladabi da ba su taɓa jin ta ba. Harshe yana share hanya ne, ya sa wata ɗabi'a ta fi sauƙin bi.

Me ya sa sunayenmu na gargajiya suke ɓacewa, kuma akwai asara a ciki?

Akwai. Sunan yanka yana haɗa mutum da addininsa, shi kuwa laƙabi yana ba da labarin zuwansa duniya. Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai da Asabe suna faɗin rana. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Cindo yana da yatsa shida, Anaruwa an haife shi ana ruwa. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa takan ce wa jariri Ajuji ko Bawa, kamar tana nuna ba ta damu da shi ba, don ko ya tsaya. Suna ɗaya, amma ka ji kukan da aka sha kafin a same shi.

Yawancin laƙuban nan alkunya ce ta haife su, domin in an sa wa yaro sunan kakansa, uwa ba ta iya furtawa, sai ta ce Abba, ko Maisunan Malam. Yanzu an koma neman sunayen da ba a saba ji ba, wasu ma iyayen ba su san ma'anarsu ba, an ɗauki Tanko da Kande sunayen ƙauye. Ba na hana kowa zaɓinsa, amma ina jin ciwon a ce mutum yana jin kunyar sunan kakarsa.

Kunya ba ita ke danne mu ba, musamman mata?

Wani lokaci ita ce, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kunya da kara da kawaici su suka riƙe gidajen da mutum talatin ke zaune a tsakar gida ɗaya ba tare da an ci mutuncin juna ba. Amma na san matar da ta kai ciwo asibiti ta kasa faɗa wa likita inda ke yi mata zafi har abin ya yi nisa. Akwai yarinyar da aka zalunta, gida ya rufe maganar don kada a ji kunya, azzalumin yana yawo a gari. Wannan ba kunyar da aka yaba ba ce. Ita Hausar da ta ba mu kunya ita ta ba mu gaskiya da adalci a jeri ɗaya, kuma inda suka yi karo, gaskiya ce gaba.

Bafulatanin da ba ya jin Fulatanci, Bahaushe ne ko Bafulatani? Ina ma'anar "Hausa-Fulani"?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan, kuma na san dalili. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa a ƙauyen Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato ba ya cikin halin sauraron tarihi. Duk da haka tarihin yana nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jihadinsa ya fara a 1804, da Hausa da Fulatanci yake wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata. Gidan sarautar Kano na Sulluɓawa ne tun daga Ibrahim Dabo a 1819, amma Hausa ce harshen fada. Yolawa, Joɓawa, Dambazawa da Toronkawan birni sun san zuriyarsu sarai, suna alfahari da ita, da Hausa kuma suke faɗin alfaharin. Mu ma da muke cewa baffa, gwaggo da kawu, daga Fulatanci muka ɗauko. Cuɗanyar ta shiga har cikin sunayen dangi.

Saboda haka mutum yana iya zama Bafulatani ta zuriya, Bahaushe ta harshe da zama, ba tare da ɗayan ya kori ɗayan ba. Shi kuwa laƙabin "Hausa-Fulani", siyasa da jaridu ne suka yaɗa shi. Yana kama mutanen birane irin su Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, amma ba ya kama Bafulatanin Adamawa da ya tashi da Fulfulde, ko makiyayin ruga, ko Bamagujen da bai haɗa komai da Fulani ba. Wanda ya ce kada a kira shi da shi yana da hujja. Inda na rabu da masu kururuwar a ware a shafukan sada zumunta shi ne, ban san ta inda za a tsaga ba. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, da Fulatanci take ƙirga kajinta har ta rasu. Kakana na wajen uba manomi ne Bahaushe mai zane a kumatu. Wanne zan mayar? Ɗan bindiga ɗan bindiga ne, a kira shi da sunan laifinsa.

Dole ne Bahaushe ya zama Musulmi?

Musulunci ya ratsa harshen har ɓargo. Sunayen ranaku daga Larabci suke, haka ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, haka yadda muke raba yini: asuba, azahar, la'asar, magariba. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, shi ya sa mutane da yawa suke haɗa biyun. Amma akwai Maguzawa a ƙasashen Kano da Katsina, akwai Azna a Nijar, waɗanda Hausarsu ba ta da gauraye, wasu ma suna riƙe da kalmomi da al'adun da birni ya manta. Akwai Hausawa Kirista, Wusasa kusa da Zariya tsohuwar cibiyarsu ce. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Kirista ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma ranar Lahadi a Jos ko Kafancan da Hausa majami'u da yawa suke waƙa. Wanda ya ce wa waɗannan ba Hausawa ba ne, ya ƙwace musu abin da ba shi ya ba su ba.

Wace Hausa ce ta asali? Ta Kano?

Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubutu da karanta labarai da ita, a kan Kananci aka gina ta. Zaɓi ne na masu mulki da masu ɗab'i, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen kafa ta. Wannan bai sa ta zama uwar sauran ba. Hasali ma, idan Basakkwace ya ce zamna, sabka, biyat, tsofaffin siffofi yake riƙe da su, Kananci ne ya sassauta su zuwa zauna, sauka, biyar. Katsinanci, Zazzaganci, Dauranci, Gudduranci, Gobiranci, Adaranci, Arewanci, Damagaranci, kowanne Hausa ne cikakke.

Ina ganin ɗalibai daga ƙauye suna haɗiye harshensu a aji saboda an yi musu dariya sau ɗaya don sun ce wanga ko hwara. Yaron da aka koya wa jin kunyar yadda uwarsa ke magana an raba shi da wani abu babba. A koyi daidaitacciya don rubutu, a bar wa kowa bakin gidansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Iyakar da Turawa suka shata ma ta ƙara nata bambancin. Yaron Maraɗi yana zuwa lakwal wurin mushe, na Katsina yana zuwa makaranta wurin malam, alhali gidan sarautar Maraɗi sarakunan Katsina ne da suka yi ƙaura bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Aron kalmomi da Ingausa ba za su kashe Hausa ba?

Aro bai taɓa kashe ta ba. Littafi da alƙalami daga Larabci, galadima da ciroma daga Barebari, takobi da ayari daga Buzaye, ashana da agogo da akawu daga Yarbawa, mota da tebur daga Turanci. Kowace ta shigo an yi mata wanka, an ba ta jinsi da jam'i: mota, motoci; tebur, tebura. Wa zai ce yau ba Hausa ba ne?

Abin da ke damuna daban ne. Mutum ya san kalmar, amma ya tsallake ta don a san ya yi boko. Ko kuma a ɗauko ginin jimlar Turanci a jera masa kalmomin Hausa, kamar yadda ake yawan ji a fassarar labarai ta gaggawa, ka ji kowace kalma ka gane ta, amma tsohuwa a ƙauye ta ce me aka ce? Wannan ya fi aron kalma illa, domin ƙashin bayan harshen yake taɓawa.

Mutanen zango a Gana da Hausawan Sudan, har yanzu Hausawa ne?

Fataucin goro ya kai Hausawa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, kasuwar Salaga ta cika da su. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi a 1934. Yau a zangon Kumasi, da Nima da Sabon Zango a Ankara, babban birnin Gana, Hausa ce harshen unguwa. Amma cikin masu magana da ita akwai Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba da Wangarawa. Da yawansu ba sa ce wa kansu Hausawa, 'yan zango suke cewa, kuma wannan wani asali ne sabo da Hausa ta ɗinke. Hausarsu ta sauya, ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, har Bakano ya ji ya yi murmushi, amma da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake raɗa suna. Ƙosai da wake ma sun bar sunayensu a abincin Gana. Zaman bai kasance da sauƙi kullum ba: a 1969 gwamnatin Firayim Minista Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takardu, aka tashi mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wadda aka haife su a ciki.

Na Sudan kuwa hanyar Makka ce ta kai su, wasu a ƙafa, suna yada zango suna noma don samun guzuri, har zama ya kama su. Wasu kuma hijira suka yi bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau sunansa Mai Wurno. Can Fallata ake ce musu, a haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a suna ɗaya. A Yawunde ta Kamaru akwai unguwar Birkitari, a Ibadan akwai Sabo.

Amsata ita ce e, in sun ce su Hausawa ne. Mu na gida ba mu da hatimin da za mu buga wa wani ko mu hana shi.

Ana cewa Hausa tana cinye ƙananan harsuna. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ya kamata mu iya faɗa ba tare da mun tsargu ba. Faɗin zauren nan da nake yabo yana da farashi, wasu ne kuma suke biya. A ƙasar Bauci harshen Ajawa ya mutu tun farkon rabin ƙarni na 20, masu shi suka koma Hausa. Yau a garuruwa da yawa na Bauci, Gombe, Filato da kudancin Kaduna za ka tarar kaka tana jin harshen gida, uwa tana gauraya shi da Hausa, jika kuma Hausa kaɗai. Babu wanda ya sa musu wuƙa, kasuwa ce da makaranta da auratayya da wuraren ibada. Amma abin da muke ji idan 'ya'yanmu suka koma Turanci, shi suke ji.

Akwai kuma batun suna. Al'ummu da dama sun ajiye sunayen da aka san su da su ta bakin Hausawa, suka koma waɗanda suke kiran kansu: Bajju maimakon Kaje, Atyap maimakon Kataf, Ham maimakon Jaba, Gbagyi maimakon Gwari, Mwaghavul maimakon Sura, Tarok maimakon Yergam. Wasu tsofaffin sunayen mun jingina musu raini a cikin karin maganarmu da barkwancinmu. Ladabi shi ne ka kira mutum da sunan da ya zaɓa. Haka kalmomi irin su arne da ƙabila, yadda ake jefa su a fuskar maƙwabci, ba su dace da mai da'awar mutunci ba. Laifi tudu ne, mun iya hango na wanda ke kiran kowane ɗan Arewa aboki a Legas, mu duba wanda muke takawa.

Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu ba raini ba ne?

A'a, maganin raini ne. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi, kowanne yana ce wa ɗayan bawansa, a yi dariya, a rabu ba fushi. Taubasai ma haka, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Sharaɗin wasan shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma abokin wasa ba ya ganin ɗan'uwansa cikin wahala ya wuce. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan'adam. Idan zagin ya zama na gefe ɗaya, ko aka kai shi intanet gaban waɗanda ba su san ƙa'idarsa ba, ya tashi daga wasa.

Ajami ko boko, wanne ne rubutunmu?

Duka biyun. Da ajami malamai suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu tun kafin zuwan Turawa. Boko ya kafu bayan Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Hayaniyar da aka yi lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ta nuna mutane suna ganin kansu a cikin haruffa. Roƙona ga masu rubutun boko ɗaya ne: a sa ƙugiya. Ƙasa daban, kasa daban. Ɓata daban, bata daban. Ɗaki ba daki ba ne.

Muna zaune a birni, 'ya'yana sun fi jin Turanci. Me zan yi?

Na san wannan ciwon. Wata rana ɗiyata ta dawo daga makaranta ido ya yi ja, an ci ta tara don ta ce wa ƙawarta "ba ni aron fensir" da Hausa. Kwana biyu bayan nan kakarta ta zo daga ƙauye, ta miƙa mata hannu tana yi mata kirari, yarinyar ta tsaya tana kallona, tana tsoron amsawa. Ranar na je makarantar.

Iyaye da yawa suna tsoron harshen gida zai hana yaro iya Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna waɗannan yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu da uku, yaran Maiduguri da Yola shaida ne.

Turanci zai same su a makaranta da waya da talabijin ko kun so ko ba ku so ba, Hausa kuwa in ba ku ba, babu mai ba su. A mayar da ita harshen tsakar gida: da ita za a yi aike, da ita za a yi faɗa, da ita za a yi lallashi, kada ta zama ta tsawa kaɗai, Turanci na yabo. In yaro ya amsa da Turanci kada a yi masa dariya ko a kunyata shi, a maimaita masa da Hausa a wuce. A kunna rediyo da safe, sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga tashoshin gida birjik. A koya musu gaisuwa da durƙusawa tun suna ƙanana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin hutu a kai su wurin kakanni su yi sati biyu ko uku, su je gona, su ci tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansu, su ji sunayen abubuwan da babu su a birni: rumbu, gayya, tsaiwa, burtali. Da dare kuma, ko na minti goma ne, a kashe fitila, a ajiye waya, uwa ko uba ya ce gatanan gatananku, a jira su ce ta zo mu ji ta.